Jan Zaren Gwaggo

Allah da ya ba mu aron Gwaggo ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na cikin Birnin Damagaram, ɗakin da ta shekara huɗu ba ta tsallake dokin ƙofarsa da ƙafarta ba. Daga gare shi muke, gare shi kuma za mu tattara mu koma. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata har babu wurin ƙara tabarma.

Ina zaune a bakin ƙofa ina amsa gaisuwa, kuma baƙin ciki bai toshe mini kunne ba. Yawancin matan da suka riƙe hannuna, da sun gama tambayar haƙuri sai su sassauta murya su ce ta huta, ni ma na huta. Baffa, ƙanin mahaifina, wanda a shekara huɗun nan bai taɓa zama a ɗakin har shayi ya huce ba, wai warin magani yana tayar masa da mura, shi ya fi kowa sharɓar hawaye a zaure. Ya aiko a gaya mini Allah ya ba ni lada. Na san saƙon, shi yake aiko mini duk Salla.

Can wajen la'asar wasu mata suka shigo waɗanda ba dangi ba, daga Zengu, daga Sabon Gari, wata ma tun daga Zermu. 'Yan matan da Gwaggo ta koya wa saƙa ne, yanzu sun zama iyaye, wasu har da jikoki. Ta Zermun ta buɗe jakarta ta zaro tsinkayen saƙa guda biyu ɗaure da jan zare, ta ce tun ranar da aka ba ta su ba su taɓa kwana a rabe ba. Sai wata ta zaro nata, wata ma ta zaro. Ɗaya ta tsuke baki irin na Gwaggo, ta ɗaga gira ta ce, "Ina ɗan'uwansa?" Wurin ya kaure da dariya, ana yi ana share ido. Ni ban yi dariya ba. Ni ce ta rena tun daga yaye, ni ce na wanke ta na juya ta shekara huɗu, kuma ni kaɗai ce a wurin ba ni da abin nunawa.

Ina rubuta wannan ne don kada a riƙa tuna ta a matsayin tsohuwar nan da ta daɗe a kwance. Akwai kuma abin da na yi mata, wanda in ban faɗa ba zai ci gaba da cina.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta haihu sau uku, Allah bai bar mata ko ɗaya ba, shi ya sa da aka yaye ni aka miƙa mata ni. Mijinta mai gyaran keke ne a gefen kasuwar Dole, mutum ne da ba ya magana sai an tambaye shi, ita kuwa ba ta jiran a tambaye ta. Saƙa a fwaye ta koya, gidan da ake tara mata a da ana koya musu sana'ar hannu. Tsinkayen can na kanti ne, in an tashi ake karɓewa a kulle. Ta dawo gida tana mita, ta yi kwana uku tana yi, a rana ta huɗu mijin ya shigo da wayoyin ƙafar wani mataccen keke. Ya yanke su, ya goge bakinsu a kan dutse har suka yi sumul, ya liƙa ɗan dutsen ado a gindin kowanne don kada zare ya zame. Da waɗannan ta yi saƙa har ƙarshen ƙarfinta, ko da na kanti suka cika kasuwa ba ta waiwaye su ba.

Sai dai wayar keke ba kaurinta ɗaya ba. Ya danganta da keken da aka ciro ta, da yawan gugar da ta sha. Biyun da aka goge tare su kaɗai suke daidai da juna. In ɗaya ya ɓace ka haɗa da wani, saƙa za ta fito layi ɗaya a tsuke layi ɗaya a sake, hular ta karkace a kan jariri. Daga nan dokarta ta samo asali. Ta sa wani baduku ya ɗinka mata kube mai tsawo, irin na takobi, ta rataye shi a ƙusa daidai kan gadonta. Kowane biyu a ɗaure suke da farin zare a wuya. In magariba ta kawo jiki sai ta sauke kuben ta bi kawunansu da yatsa, ba ta ma dubawa. In yatsan ya tsaya, to gidan ya tsaya. Ba a kwashe tuwo sai an amsa mata tambayar nan tata ta ina ɗan'uwansa.

Ina da shekara bakwai na zare ɗaya na tafi da shi cikin duwatsun bayan unguwa, muna tsokano ƙadangaru daga rami ni da ƙawayena. Na dawo hannu biyu. Ba ta dake ni ba, da ta dake ni da na fi jin daɗi. Ta yafa mayafi ta tasa ni gaba, muka bi dutse bayan dutse, tana tafe tana gaisawa da mutane, duk wanda ya tambaya sai ta ce masa ɗiyarta ce ta fito farauta da kayan aikinta. Muka same shi a wata tsaga, bakinsa ya ɗan lanƙwashe. Ta juya shi a hannu ta ce tunda ni na lanƙwasa shi, da shi zan koya. Da shi na koya kuwa, shi da ɗan'uwansa. Daga ranar hannuna ya samu wata ɗabi'a: in na ga tsinke a yashe, kafin in yi tunani na ɗauka, na haɗa, na ɗaure, na mayar kube.

Tana da faɗa, kada wanda ya gyara mata tarihi. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa aron tsinke ɗaya don ta zura mazagi a wandon mijinta, ta bar shi a gidanta ya kwana. Wata biyu Gwaggo ba ta amsa mata sallama da fiye da kalma ɗaya ba. Sai ɗiyar maƙwabciyar ta haifi bakwaini, ana tsakar sanyi, kansa bai fi lemo ba. Gwaggo ba ta je barka ba. Ta aika aka sayo mata lemo, ta zauna tana saƙawa tana gwadawa a kansa, kafin la'asar ta gama hula da safa. Ta shiga gidan ta sa wa yaron da hannunta, ta gaya wa kakar cewa kunnuwan nan na gidan ubansa ne, Allah ya sa kada ya ɗauko hancin ma. Shi ke nan sulhun, ba wadda ta ƙara tayar da zancen mazagi.

Haka take yi wa matan ƙauye da ake kawowa matarnite, asibitin haihuwa, daga wajen Takaya da zane ɗaya a jiki. Duk Juma'a lokacin sanyi sai ta cika ƙwarya da huluna ta tafi. Tana rabawa tana yi musu faɗan sun fito ba shiri kamar haihuwar ba ta yi musu sallama wata tara ba. Suna karɓa suna dariya, don sun gane faɗan ba ya cizo.

'Yan matan unguwa kuwa a tsakar gidanmu suka koyi saƙa, kowacce da biyun da aka ware mata, ta yi aiki da su ta mayar kube kafin ta tafi. Ranar da ɗaya za ta bar unguwa, aure ne ko tafiya, sai Gwaggo ta zaro biyun nan, ta kwance farin zaren, ta naɗa ja sau uku ta ƙulle. Ta raka yarinyar har zaure, ta damƙa mata a hannu ta ce, "Je ki, na sallame ki. Kada ki raba su." Ba ta taɓa amfani da jan zare a wuyan tsinke don wani abu ba sai wannan. Na ga an yi haka ya fi a ƙirga, ina tsaye a gefe ina jiran nawa.

Da aurena ya zo, mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, gidan da ya kama kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da namu. Ranar da za a kai ni na yi ta kallon kuben. Ta lura, ta ce, "Ke ina za ki? Bayan katanga? Naki suna nan." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban san maganar za ta zauna mini a ƙirji shekara goma sha ba.

Mijin Gwaggo ya riga ta tafiya da daɗewa. Ita kuma tansiyo, hawan jini, ya kayar da ita wata safiya a gindin randa. Da aka dawo da ita daga likita, ɓarin dama ya tafi, harshe ma ya tafi, sai wani sauti daga maƙogwaro da idanu masu bin mutum. A cikin watan nan takardar afektasiyon mijina ta fito, an mayar da shi garin Tawa. Na ce ya yi gaba da ɗiyarmu, lokacin tana shekara huɗu, mahaifiyarsa za ta riƙe musu gida, ni zan biyo su bayan sati biyu in jikin ya yi sauƙi.

Ɗakin Gwaggo taga ɗaya gare shi, ƙarama, can sama. Na koyi gane lokaci da inda hasken ya kai a bango. In juya ta, in wanke ta, in wanke leda da zannuwa, in jira mai garuwa, in dama koko, in ba ta a cokali rabi ya dawo, in sake juya ta. Fitata ba ta wuce farmasi, kuma da gudu nake dawowa. Ina jin kabu-kabu suna wucewa ta bayan gida, kowa da inda za shi. Na gaji, na faɗa a fili. Akwai ranakun da na tsani ƙarar numfashinta, in kuma ya yi ƙasa in zabura in dafa ƙirjinta.

Ba wai babu mai karɓata ba ne. Faccalar Gwaggo, matar ƙanin mijinta, wadda muke kira Inna ta Tirmini, sau biyu tana zuwa takanas. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ke noma, kuma tana da sauran ƙarfi. Ta ce in tattara in bi mijina, ita za ta tare a ɗakin. Na ce a'a. Da fari har da son yabo, ba zan ɓoye ba, yana da daɗi a riƙa nuna ka ana cewa ga 'yar halak. Amma babban dalilin shi ne matar nan ta sallami 'ya'yan kowa a kan idona, ni ta ce nawa suna nan. Yanzu ga ta kwance ba baki. In na sa ƙafa na fita ba da sallamarta ba, guduwa na yi, kuma na san har in mutu haka zan kira abin.

Mijina yana kawo yarinyar in an yi hutun lakwal. Shekarar fari da ƙyar aka ɓamɓare ta daga jikina. Shekara ta uku ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa ƙawar kaka. Bayan sun koma, wata rana na kira su, wayar a buɗe a kan gado ina yanke wa Gwaggo farce, na ji kakarta tana ce mata ta zo ga mamanta. Yarinyar ta tambaya, "Wacce? Ta Damagaram?" Na gama yankan farcen, na juya wa gadon baya na yi kuka.

Washegari na dawo daga shanya na tarar da tsinkaye biyu a kan tabarmata, a kwance, ba ɗauri. Kuben yana inda hannunta na hagu yake kaiwa. Hannuna ya yi aikinsa: na ɗauka, na ɗaure da fari, na mayar. Bayan kwana biyu na sake tarar da su. Daga nan abin ya zama kullum. Ta wurgo mini su a cinya, ta sako su a takalmina in na cire a gefen gado, rannan ma ina sunkuye ina juya ta ta cusa mini su a ƙugun zane, saura kaɗan ta tsire ni. Na lura kullum mai lanƙwasar nan ne da ɗan'uwansa, na ce lanƙwasar ce ke sa ya fi saurin kamuwa a yatsa. Ma'aikaciyar da ke zuwa auna mata tansiyo ta ce masu irin wannan ciwon haka suke, suna komawa yara, su yi ta jifa da kaya. Na kuma yi zaton kewar saƙa take, na zauna a gabanta na fara hula don ta gani. Ta juyar da kai bango.

A lokacin ne kuma ta fara lalata bargonta. Ita ta saƙa shi tun ina ƙarama, fari mai jan baki. Ta riƙa tsinkar jan bakin da farce tana kai wa baki. In goge mata jan ɓurɓushi a leɓe, in yi mata faɗa, in ce a raina hankalin ma ya fara tafiya. Wata shida muna haka.

Sai ranar da mijina ya kira da rana. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ce mini in zaɓa ba. Ya ce, "Ni ban ce ki bar ta ba. Amma ki sani yarinyar ta daina tambayar yaushe za ki zo." Na shigo ɗakin idona a rufe, na taka tsinke da tafin ƙafa. Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito. Na tsaya a kanta na ce, "Kin sallami 'ya'yan kowa, ni kin ɗaure ni a ƙafar gadonki. Ɗiyata ba ta san ni ba. Duk bai ishe ki ba sai kin ƙara mini da tsintar tsinke?" Na ɗauko turmi na taka, na buga ƙusa can kusa da azara, na rataye kuben a wurin. Ta yi wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba, hannun hagun yana dukan katifa. Na fita na bar ta.

Wata takwas kuben ya yi a sama. Ba mantawa na yi ba. Kullum ina ganin idonta a kansa, in ce gobe zan sauko da shi, in tuna tsintar in fasa. Na ci gaba da yi mata komai yadda na saba, har na fi da, don na san na yi laifi. Ita kuma ta ci gaba da cin bakin bargo, har ja ya kusa ƙarewa. Ranar Talatar ta sha koko cokali huɗu, na fita wanke kofin, na dawo na tarar ta cika, fuskarta tana kallon sama.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, ni da Inna ta Tirmini muka ɗaga katifar za mu kai rana. Ta wajen bango, daidai inda hannun hagu yake kaiwa, sai ga guntayen jan zare tuli, an cusa su ƙarƙashi. Sun bushe sun yi tauri da yawu. Na kawo tsintsiya, Inna ta riƙe mini hannu. Ta tsuguna tana ɗauka ɗaya ɗaya tana jerawa a kan gado. Waɗansu taunannu ne kawai. Waɗansu an murɗa su sun warware. Sai kuma ga waɗansu an naɗe su sau uku, an yi zobe, an ƙulle tsaf. Zoben babu komai a ciki.

Inna ta ce, "Sauko da kuben."

Na taka turmin nan na sauko da shi, ƙura ta rufe shi. Ba ta tambaye ni wanne ba. Ni na zaro mai lanƙwasar da ɗan'uwansa, na kwance farin zaren da na ɗaura da hannuna, ta zura su a cikin zobe ɗaya. Ya zauna musu a wuya daidai.

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Ta ce, "Da hannu ɗaya da haƙoran da suka rage mata ta yi wannan. Tun yaushe take miƙo miki su?"

Na gaya mata. Ta ƙirga watannin a ranta. Da fari Gwaggo ba ta iya ƙullin da hannu ɗaya, shi ya sa suke zuwa mini a kwance, ni kuma in ɗaure in mayar mata. Ta yi ta gwadawa har ta iya, sai dai lokacin da ta iya na riga na rataye su inda ba za ta kai ba. Na zauna a ƙasa a wurin, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Inna ta kama hannuna ta ja ni har zaure, ta damƙa mini su. Na jira ta faɗi maganar. Ta ce, "Ba ni zan faɗa ba, ɗiyata. Mai faɗa ta riga ta faɗa."

Na yi shekara huɗu ina cewa Gwaggo ta tsare ni. Ita ce a tsare, cikin jikin da ya ƙi ta, tana da magana ɗaya tak da take so ta gaya mini, ni kuma na ɗauke mata abin faɗar. Ina neman gafararta, kuma na san ba zan ji amsa ba a nan duniya. Ku da kuke riƙe da biyu masu jan zare, a Zermu ko a ko'ina, da ku da aka rufa wa 'ya'yanku kai ranar da suka zo duniya ba ku ma san sunanta ba, ku sa ta a addu'a. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci fiye da ɗakin nan mai taga ɗaya, ya mayar mata da hannunta da harshenta a gidan da ba a ciwo, ya haɗa ta da 'ya'yanta uku da mai gyaran kekenta.

Kuben na bar wa Inna, ta ce akwai 'yan mata a Tirmini. Nawa biyun suna cikin jakata, ban taɓa ƙullin ba. Ba zan jira arba'in ba, Baffa ya faɗi abin da ya ga dama. Jiya na kira Tawa na ce a ba ni yarinyar, na gaya mata ina tafe ranar Asabar. Ta tambaye ni, cikin ladabi, kwana nawa zan yi musu.